Daddawa Ce a Ƙwaryar Inna

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayon da ta zo ƙasar Zurmi ɗaukar fim bara waccan da kaka.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da dukkan 'yan ƙungiyarka. Na ji a rediyo cewa masu kallo sun zaɓi fim ɗinku a matsayin wanda ya fi burge su a shekarar da ta wuce, har ya sha gaban na Indiya da na Cainis. Kamata ya yi in fara da taya ka murna, domin ni ma ina cikin waɗanda suka zaɓe shi. Amma ka yi mini afuwa idan murnar ba ta fito ba.

Sunana Bello. Ina gyaran rediyo da rakoda a wata 'yar rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Idan sunan bai tuna maka komai ba, ni ne wanda ya liƙe muku wayar makirufo ranar da ta tsinke, na kuma shiga motarku na kai ku ƙauyenmu. Tsohuwar nan ta cikin fim ɗinku, mai jajayen idanu, wadda take buɗe ƙwarya a ji yara suna kuka a ciki, ita ta haife ni. Sana'arta daddawa, mu 'ya'yanta Inna muke ce mata. Ba zan faɗi sunanta ko sunan ƙauyen a nan ba. Na taɓa faɗinsu sau ɗaya a bainar jama'a, kuma za ka ji abin da ya biyo baya.

Sau biyu ina aika maka takarda ta hannun mutumin da yake kawo kaset ɗinku Ƙaura, ban ji amsa ba. Wataƙila ba su isa ba, ba zan yi maka mummunan zato ba. Shi ya sa na kawo maganar jarida, inda ko ba ka gani ba wani zai gani ya gaya maka. Tsoro nake ji kada a kashe uwata, kuma kai kaɗai nake ganin za ka iya tare abin.

Na ɗaya, maganar littafin.

Ka sani, na sani, fim ɗinku daga littafin almara kuka ɗauko shi. Ban san ko akwai wanda ya kai ni son littafin nan a Ƙaura ba. Na karanta wa masu jiran gyara shi a rumfata har bangon ya cire, na sa zare na ɗinke, ya sake cirewa. Akwai direbobin da rediyonsu lafiyarta lau, amma sai su kawo ta su ce tana shiii, don dai su zauna su ji inda maharbin cikin labarin ya kwana.

A littafin, wadda take sace numfashin yara aljana ce. Tana zaune a ƙarƙashin wani tafki, cikin birnin jan ƙarfe, tana tara numfashin a kwalaben zinariya, sai maharbi ya nitse ya je ya fasa su. Mun karanta, mun ji tsoro, mun ji daɗi, kowa ya tashi ya kama harkarsa. Ban taɓa ganin wanda ya rufe littafin nan ya juya yana kallon maƙwabciyarsa ba.

Ranar da kuka zauna a rumfata kana jiran wayarka, kai da bakinka ka ce mini ba yadda za a yi ku gina birni a ƙarƙashin ruwa da kamara ɗaya da motar haya. Ka ce don haka kun mai da aljanar mayya, birnin ya koma ɗakin girki, kwalaben zinariyar suka koma ƙwarya. Na yi dariya na ce kai, wannan dabara ta yi. Yanzu da na zauna na yi tunani, duk masifar nan daga wannan canjin ta taso. Aljana ba ta da gida a unguwa, ba wanda zai ɗauki sanda ya tafi nemanta. Mayya kuwa a wurinmu mutum ce kamar kowa, tana da ƙofar gida, tana da suna, ana iya zuwa a same ta. Kai Bahaushe ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Na biyu, yadda aka ɗauki hoton.

Ka ce kuna neman tsohuwa da ɗaki mai hayaƙi. Ni na ce ina da su. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɗora maka shi ba.

Muka isa da hantsi muka tarar da Inna tana cikin aikinta. Ga wanda bai san aikin daddawa ba, ana dafa kalwa ne yini guda, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a ƙwarya a rufe da faifai da tsumma a ajiye a ɗaki kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so. Tun kafin a haife ni Inna take wannan aiki, hayaƙin murhu shi ya rina mata idanu suka yi ja. Kuma tana da wata ɗabi'a. Kowace safiya sai ta bi ƙoren ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga faifai kaɗan, ta sunkuya ta shinshina, ta cusa hannu ƙarƙashin tsumman ta ji ɗumin, kamar mai taɓa goshin yaro. Idan ta ji yadda take so sai ta yi murmushi.

Kana ganin wannan ka dafa kafaɗata ka ce an gama, abin da kuke nema ke nan. Aka gaya wa Inna baƙi ne daga birni suna son su ɗauki hoton sana'arta. Ni na gaya mata haka, kai kana tsaye ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Na san abin da za a yi da hoton, na ga kamar in na yi mata bayani za ta ƙi, ni kuwa ina son in ga uwata a talabijin. Ta ce bari ta sauya zane, ka ce a'a, wanda yake jikinta ya fi kyau. Ta bi ƙorenta kamar kullum, mai kamara yana biye da ita. Ina tsaye a bakin ƙofa, kuma da kunnena na ji abin da ta faɗa lokacin da ta buɗe ta ƙarshe. Cewa ta yi, "Bisimillahi. Ta ɗau ɗumi. Gobe war haka sai turmi."

Kuka ba ta sabulu da goro. Ta ƙunsa muku daddawa a ganye, ta raka ku har bakin zaure tana cewa, "Allah shi kai ku gida lahiya, ɗiyana."

Da kaset ya fito, an cire muryarta an ɗora ta wata mata mai kaushin murya, tana gaya wa ƙwaryar wanda za ta fara ci. An sa kukan yara yana tashi duk lokacin da ta ɗaga faifai, yana ɗaukewa idan ta rufe. Murmushin kuwa kun bar shi yadda yake. Ni mai gyaran rakoda ne, na san yadda ake wannan aiki, amma duk da haka ranar da na fara gani sai da tsigar jikina ta tashi. Na tafa muku tare da kowa.

Na uku, shirin rediyo na ƙarshen shekara.

Ka san shirin da nake nufi, wanda masu sauraro suke aika wasiƙu su faɗi fim ɗin da ya fi burge su a shekara. Mako uku ana karanta wasiƙu, mu kuma a rumfata muna ta musu a kai. Wani daga Shinkafi ya rubuto ya ce kun ɓata littafin, ina birnin jan ƙarfe, ina tafkin, ya ce wanda ya karanta ba zai yafe muku ba. Na ji haushinsa a lokacin, yau kuwa da zan gan shi da na ba shi hannu. Wata mata ta ce tun da ta ga fim ɗin ba ta iya buɗe ƙwaryar tuwo sai ta yi a'uziyya, aka yi ta dariya. Wani kuma ya ce macizan Indiya da suke rikiɗa su zama mata duk kwalliya ce, 'yan Cainis da suke tashi sama igiya ce take ɗauke da su, amma tsohuwar nan ba wanda ya koya mata, a duba idanunta. Wasiƙu da yawa suka bi bayansa da irin wannan magana.

Ni ma na aika tawa. Na ce fim ɗinku ne na ɗaya. Sannan don alfahari na ƙara da cewa tsohuwar da ake ta yabo uwata ce, na faɗi sunanta, na faɗi ƙauyen, har na ce gidan da yake da durumi a ƙofa. Mai shirin ya karanta duka bai tsallake harafi ba, ya ce a gai da Inna. Ranar na yi ta yawo a tasha ana ba ni hannu.

Mako na gaba aka gayyace ka. Mai shirin ya tambaye ka yadda kuka samo tsohuwar, ko 'yar wasa ce. Ranka ya daɗe, a nan ne kalma ɗaya daga bakinka za ta kashe maganar. Sai ka yi 'yar dariya ka ce wannan sirrinku ne, abin da za ka iya faɗi kawai shi ne ku kanku sai da kuka yi addu'a kafin ku shiga gidanta, kuma mai ɗaukar hotonku kwana uku ya yi yana zazzaɓi bayan kun fito.

Na san don kaset ya shiga kasuwa ka faɗi haka, kuma ya shiga. Amma ina tuna maka cewa ba ku yi wata addu'a a ƙofar gidanmu ba in ban da sallama. Zazzaɓin mai kamara kuwa tun a Ƙaura ya fara shi, kafin ya taka ƙauyenmu, sauron masaukinku ne, kuma ni na raka shi kemis.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Kaset ɗin ya daɗe yana yawo a gidajen kallo na Ƙaura ba wanda ya haɗa shi da ƙauyenmu. Bayan shirin nan sai wani mai gidan kallo a Shinkafi ya riƙa sa shi kowace Alhamis da rana, ranar kasuwa, lokacin da mutanenmu suke cika garin. Waɗanda ba su taɓa shiga gidan kallo ba suka shiga don su ga 'yar garinsu. Suka ga ɗakin da suka sani, da ƙoren da suka sani, da zanen da suka saba gani a jikinta.

Da farko matan da suke sarin daddawarta suka daina zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta. Daga nan aka daina aiko yara ɗibar wuta gidanmu. A rijiya, idan ta iso sai mata su tuna sun bar tukunya a kan murhu. Samari daga Ƙaura da Shinkafi suka fara hawa keke suna zuwa su leƙa ta katanga, su koma su ba da labari cewa sun gan ta da idonsu. Wata rana ta fito da tsintsiya, wata yarinya da Inna ta yanke wa cibiya da hannunta ta tsaya nesa ta ce mata, "Kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa." Inna ba ta gane ba, ta waiga ta ga ko da wani ake.

Har zuwa lokacin ba ta san abin da yake cikin fim ɗin ba. Ranar da na zauna na gaya mata, ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

Ban zauna ba. Na je wurin liman, Allah ya saka masa da alheri, ya yi wa'azi a kan zato da ƙazafi ranar Juma'a, kowa ya gyaɗa kai. Na ɗauki rakoda biyu na tara maza a gindin durumi na nuna musu yadda ake cire murya a ɗora wata. Suka kalla har na gama. Sai wani dattijo, abokin marigayi babana, ya ce, "Bello, mu ba yara na ba. Mun san ana aza murya bisa kaset. Amma hwaɗa muna, duk tsohin matan ƙasag ga, don mi ita ɗai sunka zaɓa? Kuma mai abin da bakinai yac ce sai da sunka yi addu'a kahin su shiga." Na ce ni na kai su. Ya ce to ai shi ke nan. Ban fahimci abin da yake nufi ba sai da na ga mutane suna janye ƙafafunsu daga kusa da tawa. Na manta cewa a wurinsu maita a nono ake shan ta, don haka shaidar ɗanta ba shaida ba ce.

Na biyar, kuma wannan ne ya hana ni sukuni.

Maƙwabcinmu Mamman, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ɗansa ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana firgita yana surutai. Yaron ya taɓa bin yayyensa kallon fim ɗin. A cikin surutansa ya ambaci ƙwarya. Mamman a bayan Inna ya girma, ita ta goya shi lokacin da uwarsa take jinya. Ya shigo gidanmu da la'asar, ya durƙusa, bai iya ɗaga ido ba, ya ce, "Inna, ni ban ce kin yi komi ba. Ki dai taimake ni ki ƙetare shi, don Allah." A waje kuma 'yan'uwansa ne tsaye cike da ƙofar gida.

Ka san al'adar. Wanda ake zargi da kama kurwar mara lafiya, shi ake sa ya tsallake shi don ya sake ta. Inna ta san abin da tsallakewar take nufi, ta kuma ga mutanen da suke ƙofa. Ta ce da ni daga baya ta ga yaron yana shan wahala, ta ga ubansa yana kuka, ta ce in dai wannan zai kwantar masa da hankali ba komai. Ta je ta tsallake shi sau uku gaban jama'a tana salati. Washegari na iso daga Ƙaura, na matsa wa Mamman muka ɗauki yaron zuwa asibiti a Zurmi, aka yi masa allurai. Cikin kwana huɗu ya tashi.

Na ɗauka an huta, ashe an rufe mu ne. Ba wanda ya tuna da allura. Abin da aka riƙe shi ne ta tsallake shi ya warke. Ka duba inda muke yanzu, ranka ya daɗe. Duk yaron da ya kwanta za a zo a kira ta. Idan ta tsallake ya tashi, an tabbatar ita ta kama ta saki. Idan ta tsallake ya mutu, ta ƙi saki ne. Idan ta ƙi zuwa, wannan ya fi duka muni. Na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga ƙofar fita ba.

Ga bazara tana matsowa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da zafi yake zuwa da shi, ƙyanda da sanƙarau, kuma ba shekarar da suke wucewa ba su ɗauki yaro ko biyu a ƙauyenmu ba. Da can idan haka ta faru sai a ce kwana ya ƙare, a yi haƙuri, Inna ma tana cikin masu zaman makoki. Bana kuwa akwai wadda za a nuna. Shekarun baya an yi irin wannan a wani ƙauye kusa da mu, aka koro wata mata da jifa, aka cinna wa ɗakinta wuta. Ta biyo ta ƙofar gidanmu da jini a goshi, Inna ce ta ba ta ruwa ta ɗaure mata kai. Ba mu sake jin labarinta ba. Duk motar da ta taso daga wajen Zurmi ta tsaya a tasha, sai in tsaya ina kallon masu sauka ko akwai wanda aka aiko gare ni.

Za ka ce me ya hana in ɗauko ta in kawo ta Ƙaura. Na gwada. Ta ce idan ta bar gidan ta amsa laifin ke nan, kuma nan aka binne mijinta. Mai gidan da nake haya shi ma ya kira ni gefe, ya ce yana da ƙananan yara, in yi masa rai. A Ƙaura ai an fi ko'ina ganin fim ɗin.

Na shida, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Matata Rabi mace ce mai hankali, kuma tana son Inna. Amma na lura tun watan jiya daddawar da Inna take aiko mana tana nan a ƙunshe ba a taɓa ba, miyarmu ta koma ta dunƙulen kanti. Ban tambaye ta ba. Ba ni da bakin yi mata faɗa, ga dalili.

Na kalli fim ɗinku ya fi a ƙirga. Na haddace shi. Ranar Asabar da ta wuce na je gida, na tarar Inna ta sake dafa kalwa duk da ba mai saye, ta ce hannunta ba ya iya zama. Na bi ta ɗaki muna magana. Ta sunkuya ta ɗaga faifai, ta cusa hannu, ta yi murmushin nan. Wallahi ranka ya daɗe, sai na ji kukan yaran a cikin kaina, daidai yadda kuka sa shi, kuma kafin in ankara na ja da baya taku ɗaya. Ni da na tsaya a bakin ƙofar nan ranar da aka ɗauki hoton. Ni da na san wayar da aka bi aka ɗora muryar.

Ta gani. Ta mai da faifan a hankali ta rufe, ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Bello, kai da kay yi boko, hwaɗa min gaskiya. Shin mutum shina zama abin ga bai sani ba?"

Na rantse mata, na sake rantsewa. Ta ce to. Amma ta riga ta ga takun da na yi, kuma tun ranar ba ta sake buɗe ƙoren ba. Ƙanwata ta aiko mini cewa kalwar ta lalace a ciki, wari ya cika gidan, ta hana kowa taɓawa, ita ma ba ta taɓa ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ina yin sa ne a durƙushe.

Ka koma gidan rediyon nan, a shirin da ka yi maganar, ka faɗa da bakinka cewa wasa ka yi, ba ku yi wata addu'a ba, zazzaɓin na sauro ne, kuma tsohuwar ba ta san ma me ake ɗauka ba. Ka faɗa ba tare da dariya ba.

Na ji ana cewa kuna shirin kashi na biyu da ragowar hotunan da kuka ɗauka a ɗakinta, har za a buga fuskarta a jikin kwali. Don girman Allah kada ku yi. Idan ba yadda za a yi sai an ci gaba, ku koma wa littafin, ku nemi aljanarku ku sa mata fukafukai ko na kwali ne. Masu kallo za su yi muku dariya, dariya kuwa ba ta kashe kowa.

'Yan'uwana masu kallo da za su karanta wannan, ku ci gaba da musunku a kan wane fim ya fi wane, ni ma da can ba ni da abin da ya fi shi daɗi. Amma ku daina hawa keke kuna zuwa leƙen uwata.

Babban roƙona shi ne ka zo da kanka, da rana, kafin zafi ya kankama. Ka zo da matar da ta yi muryar, ta tsaya a gindin durumi ta yi ta gaban kowa, su ga bakin da ta fito. Ka zo da kaset ɗin farko, wanda ba a taɓa ba, inda ake jin bisimillar Inna. Na san yana nan, irinsa ba a yar da shi. Injin wuta da talabijin ni zan nemo, ko a kaina zan ɗauko su daga Ƙaura. Maganata ba ta da nauyi a ƙauyen nan yanzu, ta liman ma an ji an ajiye. Taka ce suka riƙe, don haka kai ne za ka warware ta.

Ban rubuto don in tozarta ka ba. Rabin laifin nawa ne, na faɗa a gaban duniya, kuma zan tsaya kusa da kai ranar in sake faɗa. Ina roƙon Allah ya ƙara wa ƙungiyarka basira da ɗaukaka, ya tsare ka da zuriyarka daga ƙazafi, ya ja kwanan mahaifiyarka idan tana raye, ya jiƙanta idan ta riga mu. Allah ya sa takardar nan ta riga mummunan labari isa gare ka.

Idan Allah ya kawo ka, kada ka fara da taron jama'a. Ka fara shiga ɗakin nan mai hayaƙi, inda ka ce an gama. Za ka tarar da ita zaune nesa da ƙoren. Ka ɗaga faifan da hannunka, ka nuna mata, ka gaya mata daddawa ce a ciki. Ni na gaya mata, ba ta yarda da ni ba.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Bello mai gyaran rediyo,
Ƙaura Namoda, Jihar Sakkwato.